Saniyar da Ba Ta Jin Hausa

Kwanan baya jikokina suka zo min hutu daga birni. Ina zaune a inuwar rumfa ina tsince wake, sai na ji uwarsu tana ce wa ƙaramar, in za ta roƙi abu ta roƙa da Turanci, don malamarsu ta ce bakinta bai faɗa ba. Yarinyar ta tsaya tana lalube, ruwa kawai take so ta sha, amma sai da ta haɗa gumi kafin ta samu. Ban sa baki ba, ba na shiga tsakanin uwa da 'ya'yanta. Sai dai na ce bari in gwada kaina ni ma, in kira ƙwaryar da ke gabana da sunan da uwata ke kiranta. Na buɗe baki, babu. Na juya, na juya, har aka yi la'asar kafin kalmar ta faɗo min: tummude. Na yi ta maimaita ta ni kaɗai kamar wadda ta tsinci allura a cikin yashi, yaran suna kallona suna dariya. Tun ranar zuciyata ta koma gidanmu na ƙauye, can wajen Shanono, ta ƙi dawowa.

Gidanmu gida ne mai baki biyu. Babanmu Bahaushe ne manomi, gyaɗa da gero da dawa, gonarsa tana manne da ta maƙwabta ta ko'ina, don a ƙasarmu ba a barin ko taki ɗaya ba shuka. Uwarmu kuwa, wadda muke kira Dada, Bafulatana ce daga wata ruga da ke bayan rafi. Ta zo gidan da ƙorenta masu zane, da 'yar karsana fara da mahaifinta ya ba ta, da kuma Fillancinta. Tana jin Hausa sarai, sai dai in ta yi, harshenta yakan karkata, ta mai da namiji mace, mace namiji, matan unguwa su yi ta ƙunshe dariya. Da mu kuwa, daga ranar da aka haife mu, ba ta taɓa yi mana wata magana ba sai da harshen gidansu. Da shi take tashe mu da asuba, da shi take yi mana faɗa, da shi take rarrashi. Har yau in na tuna ƙarar dutsen niƙa, da muryarta nake jin sa, tana niƙa tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa, ni ina gefe ina tara garin.

Wadda abin bai yi wa daɗi ba ita ce Iya, mahaifiyar Baba. Gajeruwa ce, kakkaura, mai daddawa, muryarta kuwa in ta kira kaza a gidanmu ta maƙwabta ma sai ta amsa. Ba muguwa ba ce ko kaɗan, ita dai ba ta jure a yi magana a gabanta ba ta san abin da aka ce ba. In Dada ta ce min wani abu na yi dariya, sai Iya ta ajiye abin da ke hannunta.

"Me aka ce? Da ni ake ko?"

"Iya, cewa ta yi in kore akuya daga bakin turmi."

"Korar akuya ce abin dariya? Ni za a mayar baƙuwa a gidan ɗana!"

Wata rana ƙanena, yana ɗan tatata, ya je ya tsaya gabanta tana kwashe tuwo, ya miƙa hannu ya ce, "Hokkam nyiiri." Iya ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Maigida, in ka samo mai fassara ka dawo ka ci." Yaro ya fashe da kuka, ita kuma ta sure shi ta cika masa baki da tuwo tana mita. A ranar ta kafa doka: in tana tsakar gida, Hausa za a yi. Dada ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Inna." Ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi surukarta ba, balle ta mayar mata da magana. Da Baba ya dawo daga gona aka kai masa ƙara, ya yi murmushi ya ce shi dai roƙonsa ɗaya, kada a sayar da shi yana tsaye.

Dada ta bi dokar, amma tsakar gida ba ita ce duniya ba. Akwai ɗakinta, akwai hanyar rijiya, akwai gindin gawon da ake ɗaure saniya, akwai lokacin kitso da take kifa kaina a cinyarta. Na taɓa tambayarta me ya sa ba za ta huta ba, tunda kowa Hausa yake yi. Ta ce, "Kina da kaka a ruga, kina da kawunnai. Ranar da kika je, da hannu za ki gaishe su?" Ita ma kuma tana da tata dokar da ta sa mana. In muna cikin mutane, mu fara gaishe su da Hausa. In kuwa ta kama mun yi Fillanci a gaban wanda ba ya ji, mu juya mu gaya masa abin da muka ce, don kada ya tafi da zargi a ransa. A bakin rijiya yara sukan kwaikwayi maganarmu, su toshe hanci suna gwalan-gwalan, wani lokaci har in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Dada ba ta ko waiwayawa. Takan ce in ja guga, ruwa muka zo ɗiba. Yaran yanzu in sun iya harshe biyu sai a yi ta nuna su ga baƙi ana tafa musu. Mu a lokacinmu ɗayan ɓoye shi muke a cikin zane kamar kuɗin cefane.

Sai shekarun fari suka zo. Wanda bai gani ba, ko an faɗa masa ba zai gane ba. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, mu fito da tukwane, iska ta zo ta watsa shi. A yi shuka ta bushe, a sake ta bushe. Gyaɗar da muke taƙama da ita ta kama wata cuta, ganyenta ya murɗe, aka tona ba a sami komai ba. Rumbunan da a da sai an hau tsani ake leƙawa, aka koma shiga ciki ana share ƙasansu da tsintsiya. Muka ci kwaɗon tafasa, muka ci dusa, muka ci garin rogo da ba mu san shi ba a da. Dangin Dada suka kaɗa abin da ya rage na shanunsu suka yi kudu neman ciyawa, muka daina jin duriyarsu. Baba da sauran mazan unguwa suka tafi birni ci-rani, wasu dako, wasu sayar da ruwa. Gida ya rage daga Iya sai Dada da tsohon ciki, sai ni da ƙanena, sai saniya.

Wannan karsanar da Dada ta zo da ita ta girma ta zama uwa, kuma Allah ya sa a shekarar tana da ɗan maraƙi. Dada tana kiranta Raneye, wato Fara. Iya kuwa Gwamna take ce mata, wai don kowa a gidan yana kwana da yunwa amma ita sai an nemo mata. Mu ne masu nemowa. Mu kakkaɓo 'ya'yan gawo, mu sassaro ganyen marke, mu tsinto kara, har tsohon jinkan ɗakin kaji muka sauke mata. Ta rame, ƙashin bayanta kamar a rataya guga, amma kullum da hantsi sai ta ba da nonon da zai rufe gindin ƙwarya. Da shi ake dama mana ɗan kunu. Iya ta sha cewa a kai ta kasuwar Ɗambatta kafin ta mutu a turke, sai dai kowa ya san abin da ake sayen saniya a lokacin bai kai kuɗin buhun dawa ba, kuma in buhun ya ƙare shi ke nan.

Ana cikin haka Dada ta haihu, mace. Ba a yi kwana nawa ba zazzaɓi ya kwantar da ita, irin wanda ke sa mutum ya daina gane na kusa da shi. Nononta ya ɗauke. Jaririya tana ta tsala kuka, ƙanena yana bin Iya yana jan zanenta. Da hantsi ya yi, Iya ta ɗaura ɗamara, ta ɗauki ƙwarya ta ce, "Tatsa dai ai ba karatu ba ne." Ta saki maraƙi ya ɗan tsotsa, ta janye shi ta ɗaure, ta tsuguna. Tana kai hannu Raneye ta yi hauri, ƙwarya ta yi sama, Iya ta zauna daɓas a cikin kashin shanu.

"Ke! Ni za ki wulaƙanta? Tsaya nan, 'yar banza mai ƙaho!"

Ta ɗaure mata ƙafafun baya, ta sake gwadawa. Wannan karon ba hauri, amma saniyar ta ɗauke nononta cak, Iya ta ja ta ja, ko ɗigo. Ta yi lallashi, ta yi zagi, ta yi addu'a, Raneye tana kallon gabas kamar ba da ita ake ba. Ni ma na gwada, sai dai hannuna ƙanana ne, ba ƙarfi. Ranar ruwan dusa muka sha, jaririyar kuma matar liman ta karɓa ta ɗan shayar da ita, ita ma ba wani abin kirki gare ta ba.

Washegari na ce, "Iya, Dada magana take yi mata in za ta tatsa."

"Ni jiya waƙa na yi mata?"

"Ba ta jin Hausa, Iya."

Iya ta zuba min ido, na ɗauka zan sha ranƙwashi. Can ta ce, "Ikon Allah. Har dabbar gidan nan ma an haɗa baki da ita." Ta ɗauki ƙwarya ta yi gaba, ta ce in biyo ta.

Na tsaya wajen kan saniyar, na sa hannu ina sosa mata wuya inda Dada ke sosawa, na sassauta murya na ce, "Dara, nagge am. Seese, seese." Ma'anarsa, tsaya saniyata, a hankali, a hankali. Na yi ta faɗa ina jan ƙarshen yadda Dada ke ja. Kunnuwan Raneye suka motsa, ta sauke numfashi, ta fara tuƙa. Sai na ji tsiririn nono ya bugi gindin ƙwarya. Wallahi na sha jin kiɗa a duniya, na biki da na salla, ban taɓa jin mai daɗin wannan ba. Iya tana tatsa tana cewa, "Kada ki yi shiru, 'yar nan, ci gaba, ci gaba!"

Haka muka yi ta yi, bakina da hannunta. Amma neman abincin saniyar ya koma kaina ni kaɗai, kuma gawon kusa duk an kakkaɓe, sai na yi sammako na yi nisa. In na tsaya tatsa, wasu sun riga ni. Wata safiya Iya ta ja ni bayan rumbu, ta leƙa hagu da dama, ta ce, "Abin nan da kike faɗa mata, maimaita min. A hankali, ba da gudu ba." Na faɗa, ta faɗa. Ta mai da dara ta zama dare, ta mai da nagge ta zama nage, na yi ta danne dariya har cikina ya ƙulle. Ta ce in na kuskura na gaya wa wani sai ta yanka ni ta sa a daddawa. Ba ta tambaye ni ma'anar kalmomin ba, ni ma ban faɗa ba. A ganinta wani lallashi ne kawai, irin su yi haƙuri 'yar albarka. Kwana kaɗan Raneye ta karɓi Fillancin Iya duk da karkacewarsa, ko don ta gaji da gardama ne, oho.

Asirin bai daɗe ba. Matar liman ta shigo da hantsi ɗaukar jaririya, ta tarar da Iya tsugune tana rera seese, seese da muryar nan tata da ba ta san ƙasa-ƙasa ba. Ta riƙe baki.

"Iya! Yau kuma Fillanci ake yi a tsakar gida?"

Iya ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Nan gindin gawo ne, ba tsakar gida ba. Kuma da wanda ke ciyar da kai, ai da harshensa ake yi masa magana. Miƙo min ludayin can."

Jikin Dada kuwa ya ƙi daɗi. Wata rana da azahar zazzaɓin ya hau sosai, ta fara fizge-fizge tana son tashi ta fita, tana kiran mahaifiyarta, tana magana da Fillanci zalla. Hausar ta gudu daga bakinta gaba ɗaya. Na dawo da ɗaurin ganye a ka na tarar Iya ta rungume ta ta baya, duk su biyun sun jiƙe da gumi.

"Zo nan da sauri! Me take cewa?"

"Ndiyam take cewa, Iya. Ruwa."

Na kawo, ta kurɓa, ta ci gaba da fizga. Wai shanu sun tafi sun bar ta, a sake ta ta bi su. Ina fassarawa ina kuka. Iya ta yi mata magana da Hausa, ta yi mata salati, Dada ba ta ma san ana yi ba. Sai na ga Iya ta kwantar da kan Dada a ƙirjinta, ta sa hannu tana shafa mata wuya, ta ce, "Dara, nagge am. Seese, seese." Ta faɗa, ta sake faɗa, tana jijjiga ta kamar jaririya. Ban san me Dada ta ji a ciki ba, ko muryar uwarta, ko ƙamshin rugarsu. Na dai ga jikinta ya saki, hannunta da ke dunƙule ya buɗe, barci ya ɗauke ta. Iya ba ta motsa daga wurin ba har aka kira la'asar, ƙafarta ta yi tsami sai da na ja ta ta tashi. Da yamma gumi ya karyo wa Dada, ta buɗe ido ta nemi kunu.

Da ta warware na ba ta labari a ɗaki, na ce Iya fa saniya ta kira ta. Dada ta yi dariya har da hawaye, tana riƙe da ciki, rabon da in ji dariyarta tun kafin Baba ya tafi. Na ce bari in je in gaya wa Iya ma'anar. Ta kamo hannuna ta ce, "Kul. Bar mata abinta." Dokar tsakar gida kuwa ba wanda ya ce an ɗage ta, mutuwa kawai ta yi. Iya ta koma tambayar sunan abubuwa, wai ba don komai ba, don kada a cuce ta. Ta iya ruwa, ta iya nono, ta iya zo da tafi. Ƙanena ya zama malaminta, yana gyara mata tana ce masa mara kunya. Ƙanwar tamu da aka haifa a farin, ita ta fi mu duka morewa, don ta tashi ba ta ma san akwai harshen da ake ɓoyewa ba.

Ni ma da na yi aure na yi ƙoƙari da nawa. Manyan suna ji, suna mayarwa kaɗan-kaɗan. Na tsakiya suna ji ba sa mayarwa. Autana kuwa gaisuwa kawai ya tsira da ita. Ba wanda ya kafa min doka, rediyo da makaranta da zaman gari ne suka yi aikinsu a hankali, ni kuma ba ni da naci irin na Dada. Burtalin da shanu ke bi ta bayan gidanmu an nome shi tuntuni, nono kuma yanzu a leda yara suka san shi. Ba na cewa da ta fi yanzu, wanda ya ci dusa ba zai faɗi haka ba. Kewa dai ake yi.

Bayan farin nan, da damina ta dawo sosai, shekara ta yi kyau, Baba ya dawo da 'yan kayansa, dangin Dada su ma suka gangaro daga kudu da ɗan abin da ya tsira. Yayanta, Kawu, ya zo duba mu. Dogo ne siriri, da malfa da sanda a kafaɗa, mutum mai kunya da ko abinci ba ya ci a gaban surukai. Labarin abin da Iya ta yi wa ƙanwarsa ya riga ya kai masa. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya shigo zai durƙusa ya gaishe ta. Iya kuwa ta sha sabon zane, ta ci alwashin yau za ta nuna wa baƙo ita ma ba baya ba ce. Ta ga babban mutum zai kai gwiwa ƙasa saboda ita, tana so ta ce masa ya bari, ba sai ya durƙusa ba. Sai ta ɗaga hannu, ta gyara murya, yadda har maƙwabta za su shaida, ta ce:

"Dara, nagge am! Seese, seese!"

Kawu ya tsaya cak, rabi a tsaye rabi a durƙushe. Dada ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Ni na faɗa bayan turmi. Iya ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Me kuma na yi? Ba daidai na faɗa ba?"

Ƙanena, da ba ya iya riƙe magana, ya ce, "Iya, cewa kika yi, tsaya saniyata."

Na ga Iya ta juya ta dubi Dada, ta daɗe tana dubanta, na san ta tuna ranar zazzaɓin nan. Kawu ne ya cece ta. Ya ƙarasa durƙusawa, ya dafa ƙirji, ya ce da Hausarsa mai karkata:

"Inna, na gode. A wurinmu ba abin da ya fi saniya. Uwar da ta haife ni ma ba ta taɓa kirana da suna mai tsada haka ba."

Iya ta gyara ɗaurin kallabinta, ta dube mu a ɗage ta ce, "To, kun ji. Ni dama na san abin da nake faɗa. A kawo wa baƙo fura."